Likitan kwamfuta ba ya kwana a asibiti

A shekarar 2004, gwamnatin Ingila ta ɗora wa asibitocinta sharaɗi: cikin mutum 100 da suka zo sashen gaggawa, 98 a duba su, a kwantar ko a sallame su kafin awa 4. A 2010 aka sassauta zuwa 95. Ɗaya daga cikin dabarun da masu tsara aiki ke amfani da su a kan wannan matsala ita ce gina kwaikwayon asibiti cikin kwamfuta: marasa lafiya na ƙarya su shigo, likitoci na ƙarya su duba su, a ga inda layi ke tsayawa kafin a kashe ko dala ɗaya. Lissafin layin jira kuwa tsoho ne. Wani injiniyan tarho na Danmak, Erlang, ya aza harsashinsa a 1909.

Sai dai sau da yawa ana ba kwamfutar likita iri ɗaya, mai matsakaicin sauri, alhali babu shi cikin asibiti.

A ɗauki misali. Likita guda yana gama mara lafiya cikin minti 10, ɗan'uwansa sai minti 30. Matsakaici minti 20 ke nan, kwamfuta sai ta ce su biyu za su duba mutum 6 a awa. A gaskiya 8 za su duba: na farko 6, na biyu 2. Kuskuren da ya fi muni yana cikin dare. In mai nawar ne ke tsaro shi kaɗai, kuma mutum 3 na zuwa kowace awa, kwamfuta za ta ce aiki ya yi daidai. Nan kuwa bayan awa 8, mutum 8 ne ke zaune kan benci, wataƙila har da mai ciwon zuciya.

Nawar ba lalle ragwanci ba ce. Sabon likita yakan yawaita neman gwajin jini da hoto, yakan kuma jira babba ya sa hannu, layi ya koma ɗakin gwaji. Mai sauri ma ba a yaba masa da gaggawa: asibitoci da yawa suna ƙirga waɗanda suka dawo cikin awa 72 bayan sallama. Kwaikwayon da ya ba kowane likita saurinsa da halinsa yakan nuna wa shugaban asibiti abin da lissafin matsakaici ke ɓoyewa, wato wa za a haɗa da wa, kuma wa bai kamata a bari shi kaɗai da dare ba.