Hoton da Ya Fi Ƙarfin Takarda

Hartum shi ne babban birnin ƙasar Sudan. A nan ne kogunan Nilu guda biyu suke haɗuwa su zama ɗaya. A ƙetaren kogin, ta yamma, akwai birnin Umdurman. Hausawa da yawa suna zaune a Sudan. Kakanninsu sun bi ta can a ƙafa za su aikin hajji, wasu suka yada zango, ba su koma gida ba. Alhajin yau ba ya tafiya sai da fasfo, fasfo kuwa sai da hoto. Haka ma katin shaida da takardar jarrabawa. Shi ya sa shagon mai hoto ba ya rasa jama'a, ko a Umdurman ne ko a Maradi.

Mai hoton zamanin da yana aiki da fim, ya wanke shi cikin ɗaki mai duhu. Na yanzu yana ɗauka da kyamara ko da wayar salula, ya zuba hoton cikin kwamfuta. Irin wannan hoto kamar ɗinkin hula yake. Daga nesa zane ake gani, amma in aka matso kusa sai a ga ashe ƙananan ɗinkuna ne jere da juna. Hoton ma ɗige-ɗige ne masu launi, ƙanana ƙwarai. Sunan kowane ɗigo fiksel.

A ce kyamara ta ɗauki hoto mai ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. In aka ninka, ɗigo miliyan 12 ke nan. Don hoto ya fito tas a takarda, ana so kowane santimita ya sami ɗigo wajen 118. Ashe wannan hoto zai kai santimita 34 a tsawo da 25 a faɗi, ya fi shafin littafi girma. Hoton fasfo kuwa yawanci santimita 3 da rabi ne a faɗi, 4 da rabi a tsawo. Ɗigo 413 da 531 sun ishe shi. Bai kai kashi 1 cikin 50 na babban hoton ba!

In aka saka babban hoton cikin takarda yadda yake, takardar sai ta yi nauyi. Ta daɗe ba ta buɗe ba, ta ƙi tafiya ta intanet, ta cinye kuɗin waya. Wani ya kan ja kusurwar hoton har ya ga ya ƙanƙance, ya zaci ya gama. Sau da yawa ido kawai ya ruɗa, ɗigon nan miliyan 12 suna nan daram.

Ga yadda gwanin mai hoto yake yi. Da farko ya kwafi hoton, ya ajiye na asali gefe. Sa'an nan ya yanke abin da ba a bukata, ya bar kai da kafaɗu. Daga nan ya gaya wa kwamfuta yawan ɗigon da yake so. Tsawo da faɗi tare ake rage su. In aka rage ɗaya aka bar ɗaya, fuska ta yi tsawo kamar goran nono, ko ta baje kamar faifai, ma'aikacin ofis ya maido da takardar. In aka raba tsawo biyu, aka raba faɗi biyu, kwamfuta tana haɗa ɗigo 4 da ke maƙwabtaka su zama ɗaya. Miliyan 12 sai ta koma miliyan 3.

Abin da aka haɗe ba ya rabuwa kuma, kamar yadda garin gero ba ya komawa tsaba. Wanda ya buɗa ƙaramin hoto don ya yi girma, dishi-dishi zai gani. Dalilin ajiye na asali ke nan.

Mutanen Hartum sun ga amfanin ajiya. Gadalla Gubara mashahurin mai hoto ne kuma mai shirya fim. An haife shi a 1920, ya buɗe gidan hotonsa a Hartum a 1974. A 2008 aka rushe gidan, a shekarar kuma ya rasu. Daga baya ƴarsa Sara da wata cibiyar fina-finai ta Balin a Jamus suka kwafe fina-finansa da yawa cikin kwamfuta. Wani shiri mai suna Sudan Memory shi ma ya kwafe dubban tsofaffin hotuna da takardu. A irin wannan aiki, babban kwafi ake ɗauka a adana, ƙanana ake nuna wa jama'a.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, wasu ko hotunan iyayensu ba su iya ɗauka ba. Aka wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa. Hotunan da aka riga aka kwafe aka ajiye a wata ƙasa, wutar ba ta kai gare su ba.