Jack Elam: mugun fina-finan kaboyi da ido ɗaya ya ɗaukaka

Masu kallon tsofaffin fina-finan kaboyi sun san wannan fuska, ko da ba su riƙe sunan mai ita ba: ƙasumba buzu-buzu, murmushin mugunta, da ido ɗaya da ke kallon gefe. Sunansa Jack Elam, ɗaya daga cikin 'yan wasan Amurka da ba a cika ba su matsayin jarumi ba, amma fim ba ya armashi sai da irinsu.

An haife shi a shekarar 1920 a jihar Arizona. Yana yaro wani ya soke shi da fensir a idon hagu, idon ya daina gani. Da ya girma, aikin akanta ya fara yi, har ya riƙa lissafin kuɗi a kamfanonin fim na Hollywood, kafin ya shiga gaban kyamara a 1949.

A wancan zamani, kamfanoni na fitar da fina-finan kaboyi barkatai, kuma kowane jarumi na buƙatar mugun da mai kallo zai tsana tun kafin ya buɗe baki. Idon Elam ya yi wannan aiki. A fim ɗin Rawhide na 1951 ya fito a matsayin ɗan fashi marar imani, daga nan masu shirya fim suka riƙa nemansa. Da talabijin ya bazu, ya riƙa fitowa a shirye-shirye irin su Gunsmoke, sannan a 1963 ya samu babban matsayi a shirin The Dakotas.

Fitowarsa da aka fi tunawa ita ce ta farkon Once Upon a Time in the West, wanda Sergio Leone ya shirya a 1968. 'Yan bindiga uku na jiran jirgin ƙasa a tasha. Ƙuda ya addabi Elam, ya yi ta hura masa iska, daga ƙarshe ya tsare shi a cikin bakin bindigarsa. Da jirgin ya iso, Charles Bronson ya harbe su duka. Mintuna kaɗan ne, magana ba yawa, amma har yau ana zancensu.

Shekara guda bayan haka al'amari ya juya. A Support Your Local Sheriff! ya fito tare da James Garner a matsayin mataimakin ɗan sanda mai shirme, sai fuskar da ke tsorata mutane ta koma ba su dariya. A 1970 ya yi Rio Lobo da John Wayne, ya ci gaba da wasan barkwanci har tsufansa.

Elam ya rasu ranar 20 ga Oktoban 2003 a garin Ashland na jihar Oregon, yana da shekara 82, bayan ya shafe sama da shekara 40 yana wannan sana'a.