Sito Na Katako Ko Na Ƙarfe: Ina Za Ka Ajiye Abincin Kajinka Da Na Kifinka?



Yawancin masu shirin fara kiwo, lissafinsu yana ƙarewa ne a kan ɗakin kaji, ko kwamin kifi, da kuɗin 'yan tsaki. Sito kuwa sai an sauke buhuna a ƙofar gona ake tunawa da shi. Alhali abinci shi ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin kiwo, fiye da rabi ma. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 110 zuwa 120 a rana. Idan kana da 500, a wata za su ci buhu wajen 70 mai kilo 25. Ka buga kuɗin buhu 70 a farashin yau, za ka ga ɗakin da za a zuba wannan dukiya ya wuce a yi masa ginin wasa.

Ga wanda bai shirya ginin bulo ba, zaɓi biyu ne a gabansa. Ko ya kafa dirkoki na katako ko azara a ƙasa, ya ɗora rufi, ya kewaye da langa-langa ko katako. Ko kuma ya je wa mai walda ya haɗa masa ɗaki na ƙarfe a shago, a kawo a ɗaure da noti, ko ya sayi tsohuwar kwantena. A Amurka, ginin dirka ya yaɗu a wajen shekarun 1930, lokacin da manoma suka shiga matsin tattalin arziki suka koma amfani da tsofaffin turakun waya. Mu kuwa rumfa ce da muka gada, gyara kawai take so.

Kafin ka zaɓa, ka san abin da ke ɓata abinci: zafi, danshi, ɓera. Zafi yana kashe ƙarfin bitamin ɗin da aka zuba a abincin, kuma yana sa man da ke cikinsa ya lalace ya fara wari. Abincin tarwaɗa ya fi saurin shiga wannan matsala saboda yana da mai da garin kifi. Danshi kuma shi ke kawo fumfuna, fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da gubar da ake kira afulatoksin. A 1960 wannan guba ta kashe talotalo wajen dubu 100 a Ingila ta hanyar abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, daga nan ma aka gano ta. Ba dole ba ne ta kashe maka kaji a dare ɗaya. Tana cin hanta a hankali, ƙwai ya ragu, kaji su ƙi girma, rigakafi ya ƙi kamawa, kai kana can kana zargin mai ƙyanƙyasa.

To a nan ne nake da ja da masu tallan ɗakin ƙarfe. A watan Maris zuwa Mayu, zafi a Kano, Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40 a inuwa. Ka shiga kwantenar da ke tsaye a rana da ƙarfe biyu na rana, wallahi ba ka iya minti biyar. A nan ake so buhunka ya yi wata guda? Sannan da damina ko sanyin asuba, ƙarfe yana gumi ta ciki, ruwan ya ɗiga kan buhun sama, ba yoyo ba komai. Kwantena mai ƙafa 20 tana da tsawon kusan mita 6 da faɗin mita biyu da ɗan wani abu, wuri ya wadata. Amma sai ka yanka mata tagogi sama-sama ka sa raga, ka yi mata rumfa a kai da tazarar da iska za ta ratsa, ka shafa mata farin fenti. Ka haɗa wannan kuɗin da na motar da za ta ɗauko ta da na'urar saukewa kafin ka ce ta yi araha.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: kashin kaji yana fitar da iskar amoniya, wannan warin mai yaji a ido, kuma tana cin ƙarfe. Sito na ƙarfe da aka jingina da ɗakin kaji zai fara tsatsa tun daga ƙasa. Ka ba su tazara.

Amma gaskiya ƙarfe yana da ranarsa. Gara ba ta cinsa, ɓera ba ya huda shi, ɓarawo sai ya sha wuya. Kuma idan filin haya ne ko aro, ranar da mai fili ya ce ka tashi, ka kwance notinka ka loda a mota. Dirkar da ka binne da siminti kuwa ta zama tasa.

Katako ya fi sauƙin kuɗi a farko, ya fi sanyi, kuma duk kafintan unguwa zai iya yi maka, ya kuma ƙara maka wani ɗakin idan kiwo ya bunƙasa. Babbar abokiyar gabarsa gara ce. Idan ka shiga 'Yan Katako na Na'ibawa ka ɗauko farin katako mai taushi don ya fi araha, ka binne shi a ƙasa haka nan, ka kai wa gara sadaka. Dirka ana yinta da itace mai tauri, ko azarar giginya, wadda iyayenmu suka yi rufin soraye da ita saboda gara ba ta cika yi mata illa ba. A shafe gindin da maganin gara, wasu suna amfani da baƙin mai, a kuma zuba kankare ya ɗan hau sama da ƙasa don kada ruwa ya kwanta a gindin. Baƙin man nan ya tsaya a dirkar waje, kada ya kusanci inda buhu zai taɓa. Sai iskar farkon damina, mai yaye rufi. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, a ɗaure katakon rufi da dirka da ƙarfen ɗauri. Wuta ma a kiyaye: janareta da fetur ba su da wurin zama a sito na katako.

Ni idan mai farawa ya tambaye ni, kuma filin nasa ne, haɗi nake ba shi shawara. Daɓen siminti mai tudu, bulo layi uku ko huɗu a ƙasa saboda ɓera da feshin ruwa, dirkoki masu kyau, rufin kwano mai tsayi da silin, sai raga mai ƙananan ido a ƙarƙashin rufi ta ɓangare biyu don iska ta shiga ta fita. Ƙofa ita ce za ka je Kofar Ruwa ka sayi ƙarfe mai kauri a yi maka. Ɗaki mai mita 3 da mita 4 ya ishi mai kaji 500. Mai filin haya, ko wanda gonarsa take nesa ba mai gadi, shi ya ɗauki ƙarfe, amma da rumfa a kai.

Kowanne ka gina, buhu ba ya kwana a ƙasa. Ka jera shi kan katako mai tudu, ka janye shi daga bango yadda mutum zai iya zagayawa da tsintsiya, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Lokacin zafi kada ka sayi abincin da zai wuce wata guda, ko da dila ya yi maka ragi. Idan kuma kai kake haɗa abincinka, masarar da za ka ajiye sai ta bushe sosai, danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin 100. Ka ciji ƙwaya ɗaya: idan ta fashe da ƙara, ta yi, idan haƙorinka ya nutse, mayar da ita rana.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.