Gado da Maganin Kumburi

A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, manoman albasa da masu fadama sukan sayi Feldene ko ibuprofen a kemis domin ciwon baya da kumburin gaɓoɓi. Sau da yawa mutum biyu kan sha ƙwaya iri ɗaya, ɗaya ya sami sauƙi, ɗayan kuwa ya kwana da zafin ciki. Wani ɓangare na dalilin haka yana cikin gado.

Hanta ce ke narkar da waɗannan magunguna, ta hanyar wani sinadari da masana suke kira CYP2C9. Kowane mutum yana gadon umarnin ƙera shi daga uwa da uba. Wanda ya gaji nau'i mai rauni, hantarsa takan yi nawa, sai magani ya daɗe cikin jini. In ya ƙara sha kashegari, sabo ya tarar da tsoho, haɗarin gyambon ciki da zubar jini da lahanin ƙoda ya ƙaru. Feldene ya fi tsanani, domin ko ga mai lafiyayyar hanta yakan ɗauki kimanin awa 50 kafin rabinsa ya fita.

Nau'o'in raunin sun bambanta tsakanin al'ummu: na 2 da na 3 sun fi yawa ga Turawa, na 5, 6, 8 da 11 kuwa ga 'yan Afirka. Saboda haka gwajin da aka tsara bisa jinin Turawa yana iya tsallake Bahaushe.

Tun da ba a gane wannan gado da ido, kada adadin da ya karɓi maƙwabci ya zama ma'auni. A nemi shawarar likita.