Sauke Injin Fijo 504: Lissafin Riba Da Asara A Garejojin Suleja

SULEJA – Motar Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, ta daɗe da barin masana'anta, amma har yanzu akan ga ragowarta, musamman a-kori-kura, suna dakon kaya tsakanin Suleja da kasuwannin ƙauye. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma, wanda ya soma aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta har zuwa 2006.

Da zarar injin irin wannan mota ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sai mai ita ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya sayi tsohon inji ɗan Beljiyam, ko ya sa a sauke nasa a sabunta shi.

Aikin yakan fara ne da tsiyaye mai da ruwa. Daga nan bakanike zai cire batir da lagireto da kabureta, ya raba inji da giyabos, sannan a ɗaga shi da sarƙa. Bayan an kwance kan silinda sai a zare fistin huɗun, kowanne da alamarsa don kada a sauya musu gurbi, a ƙarshe a fitar da karanshaf a auna lalacewarsa.

A nan ne ƙirar 504 take taimakon aljihun mai mota. Silindojinta kwasfa ne da ake zarewa a maye da sabbi, don haka ba a buƙatar kai gangar injin wurin masu yankan ƙarfe. Sai dai ba a sanin ainihin kuɗin gyara sai an buɗe inji. Idan karanshaf ya ci fiye da kima, ko kan silinda ya tsage, lissafin farko ya rushe.

Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, kayan gyara na waje suka ƙara tsada, ga kuma jabu a kasuwa. Ringi ko gasket na jabu kan jawo a sake sauke inji cikin 'yan watanni.

Saboda haka ya kamata mai mota ya tsaya a auna komai a gabansa, a rubuta abin da za a saya, kafin ya ba da ko kwabo. Kowace rana da motar ta kwana a gareji, kuɗin dakon wannan rana ya tafi.