Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Samari Da Kiran Fita Zaɓe

A zamanin En'e motar majigi kan bi garuruwan Arewa, a kafa farin allo a ƙofar fada bayan sallar isha'i, a nuna wa talakawa fina-finai irin su Baban Larai domin koyar da ingantaccen noma. A wancan lokaci galibi hukuma ce ke da na'urar ɗaukar hoto.

Yau kuwa na'urar ta shiga aljihun yara. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a faifan bidiyo. A 2019 kuma wasu samari 'yan Kaduna masu kiran kansu The Critics suka yi suna a duniya da gajerun fina-finan ƙagen kimiyya, waɗanda suka ɗauka da tsohuwar waya da koren ƙyalle.

Wannan basira ita ce sha'anin zaɓe ke bukata. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin miliyan 25 ne kawai suka jefa ƙuri'a. A Jihar Nasarawa kuwa, takaddamar kujerar gwamna tsakanin Abdullahi Sule da David Ombugadu sai da ta kai Kotun Ƙoli a Janairun 2024.

Yaron Azuba da ke Lafiya wanda bai cika shekara 18 ba, doka ba ta ba shi ƙuri'a ba. Amma fim ɗinsa na minti uku, cikin harshen gida, yana iya fitar da iyayensa da yayyensa zuwa rumfar zaɓe.