LISSAFIN KASUWA DA LISSAFIN ALLO: AIKIN DA KE GABAN MALAMAN TONDIKANDIYA DA KURFAI

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Baleyara ran Lahadi ya san yadda masu sayar da hatsi suke da lissafi. A ce wa mace tiya 7, kowace dala 130. Kafin mai saye ya sa hannu aljihu ta faɗi kuɗin: jika 4 da dala 110. Ba ta taɓa zama aji ba. Amma ɗanta da ke kwaleji a Damana ko Filinge, in an ba shi wannan ciniki a rubuce da Faransanci, tiya 7 a kan tamma 650, sau da yawa sai ya tsaya yana tambayar kansa ko tarawa ake so ko ninkawa. Alhali amsar ɗaya ce, tamma 4.550.

Wannan abu ba ƙarami ba ne. A shekarar 2014 binciken PASEC, wanda taron ministocin ilimi na ƙasashe masu aiki da Faransanci ke gudanarwa, ya nuna cewa cikin yaran Nijar 100 da ke ajin ƙarshe na firamare, ko 10 ba su kai matakin da ake bukata a lissafi ba. A 2019 an samu ci gaba, amma ba a kai ɗaya cikin huɗu ba. Yaron da ya fita firamare da wannan rauni, da shi zai shiga kwaleji. In ya kai lise, sai ya guje wa sashen kimiyya. Ke nan ƙasa ta yi asarar injiniya, da likitan dabbobi, da mai auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, tun ba su gama girma ba.

MENE NE LISSAFIN CANJI

A ajin da ke kafin na ƙarshe a lise ne ɗalibi ke haɗuwa da wani reshen lissafi da ake iya kira lissafin canji. Masana biyu suka tsara shi a ƙarni na 17, kowa da nasa aiki: Niyuton na Ingila da Laibiniz na Jamus, wanda ya buga nasa a 1684. Sunansa na da ban tsoro, amma tambayoyinsa biyu ne, kuma kowane manomi ya san su.

Ta farko: da wane sauri abu ke canzawa a daidai wannan lokaci? Daga Yamai zuwa Filinge kimanin kilomita 180 ne. Motar da ta yi tafiyar cikin awa 3, an ce ta yi kilomita 60 a awa. Amma ta tsaya a Baleyara, ta rage gudu wurin ramuka, ta ƙara inda hanya ta yi kyau. Allurar da ke gaban direba ita ke faɗin gudun kowane ƙiftawar ido. Rabin lissafin canji neman abin da allurar ke faɗi ne: a auna tafiyar minti ɗaya, sannan ta daƙiƙa ɗaya, a yi ta rage lokacin, a ga adadin da amsar ke kusanta.

Ta biyu: in an tara ƙananan abubuwa masu yawa, nawa za a samu? Rumbun ƙasa yana da ƙaramin gindi, da faɗin ciki, da matsattsen baki. Mai son sanin hatsin da zai ci sai ya ɗauka kamar an jera faifai bisa faifai tun daga gindi har baki, kowane da faɗinsa. Ya lissafa abin da kowane ke ɗauka, ya tara. Gwargwadon sirantar faya-fayan, gwargwadon kusantar gaskiya. Wannan shi ake koyarwa a ajin ƙarshe, gab da jarrabawar bakaloreya.

HANYOYI BIYU NA KOYARWA

Hanyar da aka saba ita ce malami ya rubuta ƙa'ida a allo, yara su kwafa, su haddace, su yi aiki iri ɗaya sau goma. Tana da amfaninta: hannu yana sabawa, kuma a aji mai cunkoso da ƙarancin littattafai ita ce mai sauƙi. Aibinta shi ne, da an sauya fuskar tambaya, sai ɗalibi ya ɓace kamar baƙo a daji.

Hanya ta biyu tana farawa da matsala, ƙa'ida ta biyo baya. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Joj Poliya, ya buga littafi a Amurka a 1945 inda ya kasa warware matsala mataki huɗu. Na ɗaya, a fahimci tambaya: me aka bayar, me ake nema. Na biyu, a yi shiri. Na uku, a aikata shirin. Na huɗu, a waiwaya a duba ko amsar ta shiga hankali.

Ga misali daga Dallol Boso, inda ruwa ke kusa kuma ake noman rani. Mai lambu yana da waya ta shinge mita 40. Yaya zai kewaye fili mai kusurwa huɗu don ya samu wuri mafi girma? Malami ya bar yara su gwada. Wani zai ce tsawo 15, faɗi 5: murabba'in mita 75. Wani ya ce 12 da 8: ya samu 96. Wata ta ce 10 da 10: ta samu 100. Sai malami ya tambaya: wa zai tabbatar babu abin da ya fi 100? Nan ne yara za su lura cewa, daga faɗi 5 zuwa 6 filin ya ƙaru da 9, daga 8 zuwa 9 ya ƙaru da 3, daga 9 zuwa 10 da 1 kaɗai, bayan 10 kuwa raguwa yake. Wurin da ƙaruwa ta tsaya, nan ne ƙololuwa. Ranar da aka rubuta ƙa'idar a allo, za su gane ta kamar fuskar ɗan gari.

Sannan a sauya tambaya: in akwai katanga a gefe guda, wayar ta rufe gefe uku kawai? Wanda ya haddace zai sake cewa 100. Wanda ya fahimta zai samu faɗi 10, tsawo 20, wato murabba'in mita 200. Da irin wannan ake gane mai ilimi da mai hadda.

GADO DA ƘOƘARIN DA AKA YI

Lissafi mai zurfi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera adadi cikin hatimi har kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira cikin littafinsa na 1964 da a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu.

Gwamnatin Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, daga baya aka yi da sauran harsuna. Cibiyar INDRAP ta shirya littattafai, cibiyar IREM ta jami'ar Yamai tana binciken koyar da lissafi, kuma daga 2006 shirin SMASSE, da taimakon ƙasar Japan, ya horar da malaman lissafi da kimiyya na sakandare kan sa ɗalibi ya yi aiki da hannunsa da kansa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

A wannan yanki harshe abin lura ne. Yaron Kurfai da Hausa ya tashi, na Tondikandiya galibi da Zabarmanci, wasu da Tamashek ko Fulatanci. Mataki na farko na Poliya, wato fahimta, ba ya samuwa sai yaro ya iya maimaita tambayar da bakinsa, cikin harshen da yake tunani da shi.

ABIN DA YA RAGE

Wahalhalu suna nan. Rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi cikin shekarun baya, malaman lissafi sun yi ƙaranci a karkara, azuzuwan zana kuwa ba sa jure damina. Duk da haka, hanyar farawa da matsala ba ta bukatar kuɗi masu yawa: igiya, da tiya, da rijiyar gari, da littafin madarar shanun Azawak irin na gidan kiwon Tukunus, duka kayan aiki ne.

Ya kamata masu duba makarantu su riƙa tambayar ɗalibi yadda ya samu amsa, ba amsar kaɗai ba. Ya kamata makarantun horar da malamai su ba wannan hanya lokaci isasshe. Iyaye kuma, musamman waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci, suna da rabonsu: su sa yaro, mace ko namiji, ya lissafa damman da aka girbe da watannin da za su kai gida, ya kuma bayyana yadda ya yi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba malamai haƙuri, ya ba yara fahimta.